Shayin Baba Idi a cikin mota mai ɗaki

Duk wanda ya zauna da ni a Xiaobei, unguwarmu a birnin Guangzhou na China, ya san in aka taɓo zancen mota, to a nemi wurin zama, don ba na gajiya. Ban yi makarantar kanikanci ba, ko yaron gareji ban taɓa zama ba. A waya na koya. Da rana ina ɗaure kaya a ofishin Masta Awudu, wani mutumin Kumasi mai tura kwantena, can bayan titin Huanshi Lu. In na tashi aiki sai in kwanta da waya a ƙirji ina kallon yadda ake kwance inji ana mayarwa. A haka na haddace tambayoyin lasin tuƙi na China, na je na ci, duk ofishinmu ni kaɗai nake da shi.

Motar da ta fi tafiya da hankalina ita ce mai ɗaki a ciki. 'Yan China suna ce mata fanche, mutanen Nijar suna cewa kampinka. Gado, kicin, banɗaki, firij, sola a sama, duk a kan taya huɗu. A da in na fara ba ka labarinta daga sola nake farawa. Yanzu daga taga nake farawa, kuma ga dalili.

Wani lokacin sanyi Alhaji Mamman ya zo daga Maraɗi. Babban kwastoman Masta Awudu ne, atamfa da shadda yake ɗauka. Wannan karon ya ce mota mai ɗaki yake so, ta hannu, saboda yawan zirga-zirgarsa tsakanin kasuwannin ƙauye. Masta ya nuna ni da baki.

"Ga Nura nan. Wannan yaro, mota ne abincinshi. Ka tafi da shi, mu ma kunnenmu ya huta."

Tare da Alhaji akwai amininsa, Baba Idi, dattijo siriri mai farin gemu, yana sayen kayan yara a kasuwar Baima. A Maraɗi yake zaune amma asalinsa Damagaram, ni kuma ɗan Kano ne, to kun san wasan da ke tsakanin Bakano da Badamagare. Yana jin daga inda nake ya gyara zama.

"Alhaji, ashe bawana ka samo mana. Kai ɗan Kano, za ka iya tuƙi kuwa, ko sai ciniki?"

"Baba, in kai ka in dawo da kai, ka biya kuɗin mota."

"Ka ji ko? Tun ba mu tashi ba ya fara."

Baba Idi ba ya rabuwa da wata 'yar jakar fata. A ciki akwai ƙaramar buta shuɗiya, kofunan gilashi, ganyen shayi, sukari, da ɗan murhun waya wanda bai fi tafin hannu biyu ba. Gawayi kuwa wurin masu gasa nama na bakin layi yake roƙa, har sun san shi. A masauki kan rufin bene yake hawa ya hura wutarsa. Shayinsu hawa uku ne: na fari mai ɗaci, na biyu, sai na uku mai zaƙi. Kuma a wurinsa in ka sha na fari, to dole a jira ka a na biyu da na uku. Ba a naɗe kaya da rabon mutum a buta.

Motar tana wani gari a arewa da Guangzhou, wajen duwatsu. Muka hau jirgin ƙasa muka je. Mai sayarwar wani mutum ne mai yawan dariya, duk abin da na taɓa sai ya ɗaga babban yatsa ya ce da Alhaji, "Laban, gud, gud." Laban shi ne maigida. Na duba mai, na duba taya, na shiga ƙarƙashi da fitilar waya, na tayar da inji na saurara. Ya riga ya wanke injin tas, yana ƙyalli kamar sabo. Tukunyar gas babu komai a ciki, ya ce ai jirgin ruwa ba ya ɗaukar ta da gas, kuma gaskiya ne.

Ni kuwa baki ya ƙi rufuwa. Na zaunar da su ina nuna musu. Na ja ƙofa ta rufe ɗif, na ce, "Alhaji ka ji? Dubi robar nan ta bakin ƙofa, dubi ta taga. In ka rufe motar nan ko ƙura ba ta shiga, ko iska. Kamar kana cikin firij."

Alhaji ya shafa robar ya ce, "Wanga shi na so."

Da za mu juyo, niyyata mu hau babban titi mu miƙe. Baba Idi ne ya ce a'a.

"Shekara nawa ina zuwa ƙasar nan, daga kasuwa sai masauki, daga masauki sai filin jirgi. Ban taɓa ganin gonarsu ba. Mutanen nan me suke ci? Bi da mu ta ƙauye, ɗan Kano, in ga ƙasa."

Muka bi ƙaramar hanya ta wajen Conghua. Ana yayyafi, irin ruwan sanyin nan na Guangzhou da ba ya sauka da ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa, sai dai ya bi ta cikin riga ya zauna maka a ƙashi. Baba ya manna fuska a gilashi kamar yaro. Ya ga ayaba, ya ga lemo, ya ga kunyoyin kabeji a miƙe kamar an ja da zare, ya ga wata tsohuwa da faffaɗar malafa tana tsugune a cikin ruwan.

"Alhaji dubi. Ko taki ɗaya ba su bari ba. Da za a ba mu ruwan ga a Damagaram..."

"Da kun sha shayi da shi," na ce.

Ya miƙo hannu daga baya ya ɗan ja min kunne.

Bayan mun yi azahar, muna cikin hawan wani dutse, na ga allurar zafi tana tashi. Kafin in ce wani abu tururi ya turnuƙe daga bonet. A nan duk abin da na kalla a waya ya dawo min, kuma bari in faɗa muku don yana da amfani. Ban taka birki da ƙarfi ba. Na kunna fitilun gefe duka biyu, na lallaɓa har inda hanya ta ɗan yi faɗi, na kashe inji, na ja hambirki, na sa ta a giya. Motar nan nauyi ne da ita, ga gangara, don haka na samo duwatsu na danna su a bayan taya. Alhaji har ya fara karyo reshen bishiya zai jera a titi irin na gida, na ce masa a nan ba sa gane ganye, na ɗauko kwashan, wato jar alamar nan mai kusurwa uku, na kai can baya da kwana na ajiye. Murfin lagireto kuwa ban taɓa shi ba sai da ya huce, don da zafinsa fuska yake ɗaukewa.

"Mi ya hwaru?" in ji Alhaji.

Tiyon ruwa ne na ƙasa ya fashe. Da na sa hannu sai na ji salatif. An naɗe tsohuwar tsaga da baƙin salatif, an shafa mai a kai don ya saje. Na kira mai sayarwar, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira, a kashe.

Na ce to bari in kunna musu hita su ji ɗumi. Hitar motar da batirin ɗaki take tashi, ba na inji ba. Na danna, ta yi tari sau ɗaya ta mutu. Batirin ma gawa ne, an yi masa cajin da zai kai mu bakin ƙofa kawai.

Taswirar waya ta nuna min ƙauye a gaba, a gangare. Na ce zan taka in nemo tiyo da ruwa. Lokacin Baba har ya zazzage jakarsa a bakin ƙofar motar, ƙofa a buɗe, ya hura gawayinsa a kan matakala, yana kare shi daga yayyafi da jikinsa. Ya ce ba inda za ni sai na sha na fari. Na tsaya na sha a tsaye, mai ɗaci, ya ratsa ni har ƙafa.

"Yi sauri, bawana. Na biyu da na uku suna jiranka. In ka daɗe in sayar da rabonka."

"Wa zai saya a dajin nan?"

"Bakano ne kawai zai yi wannan tambayar."

Na bar su suna dariya, Alhaji ya ƙudundune cikin bargon da muka samu a motar.

Ƙauyen ya fi yadda waya ta nuna nisa. Na isa jiƙe sharkaf. Shagon farko wata mata ce, na nuna mata hoton tiyo, ta kaɗa hannu ta ce, "Mayo." Babu ke nan. Na biyu, mayo. Wani ma tun kafin in ƙaraso ya ja ƙofarsa. Yara suka biyo ni suna kallo daga nesa. A ranar na ji kewar gida irin wadda ban taɓa ji ba, don a hanyar Kano zuwa Daura in motarka ta tsaya, kafin ka buɗe bonet mutum biyar sun kewaye ka, uku a ciki suna ba ka shawarar banza, amma dai ga mutane.

Matar nan ta shagon farko ce ta biyo ni da lema. Ta ja hannun rigata har wata rumfa a bayan gari, inda wani mutum mai suna A Ming yake gyaran injinan ban ruwa da kekuna masu ƙafa uku. Ba ya jin Turanci, ni kuma Chanisancina na kasuwa ne. Ya kalli hoton, ya auna da yatsunsa, ya shiga tarkacensa ya yi ta tono. Ya daɗe. Ya fito da wani tiyo, bai yi ba, ya koma. Matarsa ta kawo min ruwan zafi a kofi da dafaffen dankali. Ina ci ina jin daɗi, har ina tsara yadda zan ba su Baba labari. Wannan zaman da na yi ina cin dankali, har yau yana dawo min.

Daga ƙarshe ya yanko tiyo daga wani tsohon inji, ya haɗo da kilif biyu da jarkar ruwa, ya ce in hau bayan kekensa.

Muna shawo kwana na hango motar. Ƙofa a rufe. Tagogi duka a rufe, gilashin ya yi fari da gumi daga ciki. Matakalar da na bar murhu a kai babu komai.

Wallahi tun kafin keken ya tsaya na sani. Na taɓa kallon bidiyon irin wannan. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska, ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Ba hayaƙi ba ce, hayaƙi ai gargaɗi ne. Wannan sai dai ka ji kanka ya yi nauyi, ka ji barci mai daɗi, ka ce bari in ɗan kishingiɗa.

Na ja ƙofa, a kulle ta ciki. Na buga, na kira Alhaji, na kira Baba. Shiru, sai ƙarar yayyafi a kan rufi. A Ming ya leƙa ta gilashin gaba, ya faɗi wata kalma da ƙarfi, ya zaro sifana daga kekensa ya miƙo min. Na fasa tagar gefe na zura hannu na buɗe.

Ɗumi ne ya fara dukan fuskata, ɗumi mai daɗi da ƙanshin shayi. Murhun yana ƙasa a tsakiyar ɗakin a kan faranti, garwashin ja jawur, an ƙara masa sabon gawayi ba da daɗewa ba. Butar tana gefen wutar. Kofuna biyu an sha an kife. Na uku yana kan tebur a cike, an rufe bakinsa da murfin gwangwanin sukari.

Alhaji yana zaune a ƙasa ya jingina da ƙofar banɗaki, ya yi amai a rigarsa, idonsa a buɗe amma ba ya ganina. Baba Idi yana kan gadon baya, ya juya gefen dama, hannu a ƙarƙashin kunci, ya cire hularsa ya ajiye a gefe.

Na riƙe numfashi na jawo Alhaji waje. A Ming ya ɗauki murhun da hannunsa, haka da zafinsa, ya wurga cikin kwata. Muka koma muka ɗauko Baba. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka shimfiɗe shi a bakin titi cikin ruwan, na kwance masa maɓallan wuya, na kara kunnena a hancinsa. Akwai numfashi, amma can ƙasa, sai ya yi kamar ya tsaya sannan ya dawo. Fuskarsa ce ta fi ba ni tsoro. Ta yi kyau. Ta yi fes kamar wanda ya huta, leɓensa har wani ja ya yi.

A Ming ne ya kira motar asibiti, don ni ko sunan wurin ban sani ba. Ya yi ta magana yana nuna dutse da hannu kamar suna ganinsa. Ya cire rigar ruwansa ya rufa wa Baba, sai a lokacin na ga tafin hannunsa ya tashi da ƙuna. Da numfashin Baba ya tsaya na fara danna masa ƙirji yadda na gani ana yi, ina hura masa iska a baki, ina dannawa. Bakinsa ɗanɗanon sukari. Ina yi ina ce masa, "Baba tashi, ga bawanka ya dawo. Baba ga ni." Ban san sau nawa na faɗa ba.

Alhaji ya fara dawowa hayyacinsa a cikin motar asibiti, da robar iska a hanci. Ya kamo hannuna, muryarsa kamar ta mai maye.

"Ruwa ya ƙaru... na ce ya shigo da wutar. Ni na rufe, sanyi. Na ce ya kashe, mun sha na ukku. Ya ce a'a, yaron ga zai dawo jiƙe, ba ya shan shi da sanyi."

To kun ji. A Maraɗi ko Damagaram a zaure ake shayi, ko a gindin bishiya. Ko a ɗaki ka shiga da murhu, akwai ƙasan ƙofa, akwai tsagar taga, akwai inda kwano bai haɗu da bango ba. Ɗakunanmu suna numfashi ba mu sani ba. Baba ya shekara hamsin yana hura gawayi bai taɓa zama a ɗakin da ba ya numfashi ba sai ranar. Akwai wata 'yar farar na'ura a manne a bangon motar, aikinta ke nan ta yi ƙara in iskar nan ta taru. Da 'yan sanda suka kai ni wurin motar washegari na buɗe ta, ramin batir ɗinta wayam.

A asibitin garin suka karɓe su da gudu. Likitar wata matashiya ce, ta rubuta min a waya, waya ta fassara: ɗaya zai tashi, ɗayan suna ƙoƙari. A Ming ya zauna tare da ni a benci, an naɗe masa hannu da bandeji. Ba mu da yaren da za mu yi magana. Can ya tashi, ya dafa kafaɗata, na ce masa sheshe, wato na gode, ya girgiza kai ya tafi. Ban sake ganinsa ba.

Baba Idi bai farka ba. Da hantsi washegari likitar ta fito, ba ta ma ɗauko waya ba, ta tsaya a gabana kawai ta haɗa hannuwanta.

Masta Awudu ya iso da mutanen Nijar mota guda, su suka tsaya kan takardu da maganar kai gawar Baba gida. Saura sanarwa. Alhaji yana kwance, an ce ya rage magana, amma ba wannan ne ya hana shi ba. Ya lalubo lamba a wayarsa, ya kalle ta, ya miƙo min.

"Ramatu ce, babbar ɗiyarshi. Ni ba ni iyawa. Kai ka gan shi daga ƙarshe."

Na fita baranda. Ta ɗauka da fara'a, tana zaton Alhaji ne, har ta fara gaishe shi da sanyi. Na ce ba shi ba ne, sunana Nura, ɗan Kano ne, direbansu. Na faɗa mata. Na ji ta yi salati, na ji wani abu ya faɗi a can, kamar kwano, na ji yaro yana kuka, wata murya tana tambaya lafiya. Na tsaya riƙe da waya ina kallon ruwa yana sauka a kan motocin asibiti. Na ɗauka ta ajiye, sai na ji ta dawo, muryarta a daidai.

"Malam Nura, kana tare da shi?"

"Ina tare da shi."

"Tsakaninka da Allah, abu guda zan tambaye ka. Ya sha wahala?"

Na ce, "A'a. Shayi ya dafa, ya sha, ya ji ɗumi, ya kwanta a gefen dama ya yi barci."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta yi min godiya, ta yi min addu'a, ta ce Allah ya mayar da ni gida lafiya wurin mahaifiyata.

Na san mutane suna faɗin irin wannan don su sanyaya wa mai rashi zuciya. Ni ban ƙara komai ba, ban rage ba, yadda na faɗa mata haka aka yi. Ita abin ya kwantar mata da hankali. Ni kuwa tun ranar, duk lokacin da na ji ɗumi ya ratsa ni a ɗaki, barci mai daɗi ya fara ɗaukata, sai in miƙe zaune.